Yadda ake haɗa fim da bulon wasa da wayar hannu a ɗaki ɗaya a Legas

Ni tela ne a Agege, kuma ba ni na fara wannan abu ba. Ɗan yayata ne, yaro ɗan shekara 11 da ke biyowa ta shagona in an tashi daga Islamiyya, ya zo wata rana da leda cike da bulon wasa na roba da aka sayo masa a gwanjo. Ya shige ƙarƙashin teburin yanka ya gina danfo, motar haya ta Legas, ruwan ɗorawa da baƙin layi biyu a jiki, har da kwandasta a rataye a bakin ƙofa. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, da za ta yi tafiya da kanta fa?" Na ce ai babu inji a cikinta. Ya ce ya ga wani a YouTube da nasa suke tafiya har da magana. Kamar da wasa muka fara gwadawa, yau ga shi mun kusa shekara biyu, kuma duk abin da zan faɗa a nan da hannunmu muka yi shi.

Dabarar ba boyayya ba ce. Kowane fim hotuna ne tsayayyu da ake jerawa a guje har ido ya ɗauka motsi ne. Na silima hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. To kai ma sai ka ɗauki hoton motarka, ka matsar da ita kaɗan, ka sake ɗauka, ka sake matsarwa, a haka har ka tara ɗaruruwa, manhaja ta jera maka su. Turawa suna kiran wannan sitof-moshan. Sai dai akwai sharaɗi guda da komai ya rataya a kansa: abin da ka yi niyyar ya motsa shi kaɗai zai motsa. Tebur, waya, bango, haske, inuwa, duk sai sun tsaya cik daga hoton farko zuwa na ƙarshe. A Legas kuwa, inda wuta ke zuwa ta tafi, ƙasa ke girgiza in babbar mota ta wuce, tsayar da su ɗin shi ne mafi yawan aikin.

Samun bulo

Wanda aka fi sani shi ne LEGO, kamfanin ƙasar Denmak da wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund a 1932, yana sassaƙa kayan wasa na katako. A 1958 suka yi rajistar irin bulon da muke gani yanzu, mai 'yan ƙululu a sama da bututu a ƙasa, kuma har yau bulon wancan zamanin yana kama na yanzu daram. Waɗannan ƙululun ni haƙora nake ce musu, kamar haƙoran zif, kuma haka zan ci gaba da kiransu. 'Yan mutanen masu hannu da ƙafa da ke lanƙwasawa sun fito a 1978, tsayin kowanne kusan santimita 4.

Sabo a kwali yana da tsada ƙwarai, ba sai ka saye shi ba. Ka leƙa masu gwanjon kayan wasan yara a kasuwar Katangowa ta wajen Abule Egba, ko ka shiga Idumota inda ake samun na China sababbi. Na ainihi za ka ga an rubuta LEGO a kan kowane haƙori. Don gina gida, shago ko gada, na China ya wadatar. Amma 'yan mutane da tayoyin mota, a nan nake cewa ka daure ka nemi masu kyau. Kafin ka biya, ɗaga ƙafar ɗan mutumin zuwa rabi ka sake ta. In ta tsaya inda ka bar ta, ɗauka. In ta faɗo, ajiye, domin wanda gaɓarsa ta saki ba zai taɓa yi maka tafiya ba. Ka nemi kuma faffaɗan farantin da ake gini a kansa. Wanda aka saba gani haƙori 32 ne tsawo, 32 faɗi, kimanin santimita 25 ke nan, kuma toka-toka ya fi amfani tunda shi ne launin kwalta.

Kayan gwanjo sai an wanke. Ruwa mai ɗumi kaɗan wanda bai wuce digiri 40 ba, ɗan sabulun ruwa, da tsohon buroshin haƙori. A shanya a inuwa a kan tawul, kada a rana, don rana na sa farare su koma ruwan ƙwai. In da yaro ƙasa da shekara 3 a gidan, a yi nesa da shi da ƙananan, yana iya haɗiyewa.

Lissafi biyu za ka riƙe: daga haƙori zuwa haƙori milimita 8 ne, kuma siraran falle uku in an ɗora su suna daidai da kaurin bulo ɗaya. Za su yi maka amfani a gaba.

Wani maƙwabcina ya taɓa ce min shi ransa bai kwanta da 'yan mutum-mutumin ba. Na ce masa, "Alhaji, ba dole sai da su ba." Ana yin fim mai kyau da motoci zalla, ko gida yana gina kansa bulo bayan bulo, ko haruffa suna haɗuwa su zama suna. Duk matakan nan ɗaya ne.

Labari, da lissafin hotuna

Masu yin wannan da bulo galibi suna amfani da hoto 15 a daƙiƙa, wasu 12. Mu 15 muke yi. Ma'ana fim na daƙiƙa 10 hoto 150 ne, na minti ɗaya kuma 900. In kowane hoto ya ci maka daƙiƙa 20 tsakanin matsarwa da ɗauka, waccan daƙiƙa 10 ɗin za ta cinye minti 50 na rayuwarka. Shi ya sa nake roƙon duk mai farawa kada ya ce zai yi labarin Bayajida tun daga Bagadaza har rijiyar Kusugu. Fim ɗinka na farko ya zama abu ɗaya tak. Namu shi ne: danfo ta shigo, ta tsaya, fasinja ya hau, ta tashi.

Rubuta shi a takarda, layi-layi, da adadin daƙiƙar kowane layi. Ka kuma yanke shawara tun yanzu ko a kwance za ka riƙe waya ko a tsaye. YouTube ya fi son a kwance, TikTok da sitatus na WhatsApp a tsaye. In ka fara ba a canjawa.

Kafe tebur da waya

Nemi tebur mai nauyi da ba ya rawa. In ƙafa ɗaya ta ɗage, cusa mata kwali. Jingina shi da bango, sannan ka manne farantin a kansa da salatif ta kusurwa huɗu. Ni har zagaye shi nake yi da allin ɗinki, don in ya goce in gani nan take. Gine-ginen da ke kai a danna su sosai su kama.

Bayan fage kuma, a nan sana'ata ta yi min rana. Yadi shuɗi mara ƙyalli, a goge shi sumul, a kafe a bango da ƙusoshin allo, ya zama sararin sama. Kada ka sa shadda ko satin, suna mayar da haske. Kwali mai launi ma ya yi. Ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin gini da bangon don kada inuwar gidaje ta faɗa a kan sama.

Waya ba a riƙe ta a hannu ko kusa. In kana da ƙaramin maɗauri mai ƙafa uku, to, manne ƙafafun da salatif. In babu, gina mata mazauni da bulon kansa: bango biyu da rami a tsakani daidai kaurin wayar, a dasa shi a kan wani farantin da aka manne. Namu ke nan har yau. Ka sauke idon kyamarar ƙasa, daidai fuskar ɗan mutumin. Yawancin masu farawa daga sama suke ɗauka, sai abin ya fito a kayan wasa a kan tebur. In ka sauko daidai tsayinsu, sai mai kallo ya ji kamar yana tsaye a tashar.

Shagona ba shi da nisa da layin dogo. In na ji jirgi na tahowa, hannu nake ɗagawa mu dakata har ya wuce, sannan in duba allo in tabbatar babu abin da ya gusa. Haka in tirela ta wuce. Fanka kuma a kashe ta ko a juya mata baya, don tana kaɗa yadin bango, kuma a fim sai ka ga sama tana rawa.

Haske

A nan muka fi shan wahala, a nan kuma zan fi daɗewa.

Fim ɗinmu na biyu mun fara shi da la'asar, ƙofar shago a buɗe, ƙwan sili a kunne. Mun kai hoto wajen 200 aka ɗauke wuta. Maƙwabci ya tada janareta, muka ci gaba. Da muka kunna abin da muka ɗauka, danfon tana tafiya lafiya lau, amma hoton sai walƙiya yake, ya yi haske ya yi duhu, fari ya koma ja-ja ya dawo shuɗi-shuɗi. Yaron ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Kawu, kamar hadari ake yi a ciki." Aikin yini guda ya tafi. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ga yadda ya zuba ransa a kai.

Dalilai uku ne suka haɗu. Rana tana tafiya, gajimare na rufe ta yana buɗewa, musamman da damina, kuma idonka ba ya lura amma kyamara tana lura. Wutar layi da ta janareta ƙarfinsu na hawa da sauka. Na uku kuma jikina ne: farar riga ce a jikina, robar bulo kuwa tana da sheƙi, duk sanda na sunkuya sai rigar ta watsa haske a kan fagen.

Ga yadda muka magance. Da farko a toshe rana gaba ɗaya, a rufe ƙofa, a lulluɓe taga da baƙin yadi ko kwali, ko kuma a bari sai bayan isha'i. Sannan a kashe ƙwan sili, a yi amfani da ƙananan ƙwayaye na LED masu igiyar USB, waɗanda ake samu wurin masu kayan waya a ko'ina, har Computer Village ta Ikeja, a jona su da fawa banki mai cikakken caji. Fawa banki yana ba da wuta daidai wa daida har ya kusa ƙarewa, ba ruwansa da an kawo ko an ɗauke. Fitila mai caji ta gida ba ta kai shi ba, domin yawancinsu suna dusashewa a hankali yayin da batir ke sauka, sai ka tarar ƙarshen fim ya fi farkonsa duhu.

Ƙwai biyu sun isa. Ɗaya babba daga gefe, ɗan sama kaɗan, shi ne ranarka. Ɗaya daga ɗaya gefen, a ɗan nesa, don ya rage baƙin inuwa. In ƙwai ɗaya gare ka, tsayar da farar takarda a ɗaya gefen ta mayar da hasken. Don kada sheƙi ya yi yawa a fuskokin 'yan mutanen, rataya farar takarda ko farin yadi mara kauri a gaban ƙwan, ba tare da ya taɓa shi ba. Su ma fitilun a ɗaure su, kada a riƙe a hannu.

In dole sai ka yi da wutar layi, ka sani tamu ta Najeriya mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, wasu ƙwayayen kuma suna ƙyaftawa da ita. Duba ta allon waya: in ka ga baƙaƙen layuka na gangarowa, wannan ƙwan ba na aiki ba ne, ko kuma ka sa saurin ɗaukar kyamara a 1/50 ko 1/25.

Sai ka sa baƙar riga ko mai duhu, ka zaɓi wuri ɗaya da za ka riƙa komawa ka tsaya kafin kowane hoto. Ni na zana da'ira da alli a ƙasa. Ka matsar da abu, ka koma da'irarka, ka janye hannu, sannan a ɗauka.

Saita waya

Manhajar da muke amfani da ita Stop Motion Studio ce, tana nan a Android da iPhone, kuma ta kyauta ta ishi mai farawa. Sa yawan hotuna a 15. Shiga saitin kyamara ka cire shi daga mai sarrafa kansa ka mayar na hannu, ka kulle abu uku: inda ido ya kafe, yawan haske, da launin fari. In ka bar wa waya, duk sanda hannunka ya gifta sai ta sake lissafi, walƙiyar nan ta dawo ko da fitilarka lafiya take. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a bar shi ƙasa, wajen 100, don hoto ya fita fes.

Kada ka taɓa allo don ɗauka, ko yaya ka taɓa sai ta gusa. Jona iyafis mai igiya ka riƙa danna maɓallin ƙara murya, a wayoyi da yawa yana ɗaukar hoto. Ko ka sayi ɗan rimot na Bluetooth irin na sandar selfi. Sa wayar a yanayin jirgin sama, kada kira ya shigo ta yi ɓari ta zame. Goge idon kyamara, ka tabbatar akwai wuri a ma'ajiya, ka cire mata riga don zafi.

Akwai wani abu a manhajar da Turawa ke kira bawon albasa. Yana nuna maka inuwar hoton da ya wuce a kan abin da kyamara ke gani yanzu. Kunna shi. Da shi za ka san nisan da ka matsar, kuma ran da gwiwar hannunka ta ture ɗan mutum, da shi za ka mayar da shi daidai inda yake.

Motsi

Fara da mota, ta fi sauƙi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki dai kada ka dogara da shi, ƙirga haƙora. Mota mai gudu daidai, haƙori biyu a kowane hoto. Amma babu danfon da ke tsayawa farat ɗaya ko ta tashi farat ɗaya. In za ta tsaya sai ka rage: biyu, biyu, ɗaya da rabi, ɗaya, rabi, ɗan ƙiris, tsaye. In za ta tashi ka juya lissafin. Wannan raguwa da ƙaruwa ita ke sa abu ya yi nauyi a ido, kuma haka take a komai, ɗaga hannu ne ko juya kai. Tunda taya ba ta gudu sumul a kan haƙora, shimfiɗa titi da bulo masu santsin kai, ko baƙin kwali da ka ɗiga wa alamu da fensir a gefen da kyamara ba ta gani.

Tafiyar mutum ita ce jarrabawa. Yadda muke yi, taku ɗaya hoto huɗu ne, kuma yana ci gaba da haƙori ɗaya. Yana tsaye ƙafa biyu a dashe. Hoto na farko, ka cire ƙafar dama daga haƙori ka tura ta gaba kaɗan, hannun hagu ya ɗan yi gaba. Na biyu, ka ɗaga shi gaba ɗaya ka buɗe ƙafafun, ya tsaya a tsakanin haƙora, diddigen dama a gaba, yatsun hagu a baya. Wannan ne mai faɗuwa, ɗan ƙwallon Blu Tack, wani ɗanko mai laushi na manna takarda, a ƙarƙashin ƙafa yana riƙe shi. Na uku, ka dasa ƙafar dama a haƙorin gaba ta miƙe, ta hagu tana baya a ɗage. Na huɗu, ta hagu ta dawo daidai da 'yar uwarta, hannaye sun sauko. Sai ka sake da hagu. Hannu kullum kishiyar ƙafa yake bi. Yaron ya fi ni iya wannan nesa ba kusa ba, yatsunsa sirara ne. Ni da tsinken sakace nake tura hannayen, wani lokaci da hantsakin cire zare.

Kada ka ji tsoron tsayawa. In fasinja ya iso bakin mota, bar shi hoto 6 ko 8 bai motsa ba kafin ya hau, mai kallo ya samu ya fahimci abin da ke faruwa. Kuma kafin babban motsi a yi ƙarami ta baya: mai shirin tsalle sai ya ɗan durƙusa, mai jifa sai ya ja hannu baya.

Duk bayan hoto 10 ko 15, kunna ka kalla. In ka ga kuskure, goge ka koma nan take. Gyara a lokacin minti biyar ne, in an rushe fage kuwa sai dai haƙuri. Ka duba kuma ko yatsa ya fito a wani hoton.

Murya da haɗawa

In akwai magana, ita ake fara ɗauka kafin hoto. In kwandasta zai yi kiran "Oshodi! Oshodi!" na daƙiƙa 2, ka san hoto 30 za ka ba shi. Bakinsu ba ya motsi, don haka hannu da kai ne ke magana: ya ɗaga hannu a kan gaɓar da aka fi ƙarfafawa, ya juya kai wajen wanda yake yi wa.

Samun shiru a Agege sai an yi dabara. Mu bayan sallar asuba muke ɗauka, kafin masu janareta da 'yan okada su tashi, mu shiga tsakanin yadukan da ke rataye don suna shanye amsa-kuwwa. Ƙarar titi kuwa kyauta ce, ka tsaya ƙarƙashin gadar Pen Cinema minti ɗaya da waya a hannu ka samu hon da hayaniyar da za ta ishe ka fim goma. Takun ƙafa, ƙwanƙwasa bulo biyu a kan tebur. Sai a fitar da bidiyon a kai manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ko makamanciyarta, a ɗora sautukan a rage na titi ya koma ƙasa da murya. Kada ka ɗora waƙar wani, YouTube na iya toshe sautin ko ya ba mai waƙar kuɗin tallan.

In dare ya yi ba a gama ba, kada ka taɓa komai. Yi ƙoƙari ka tsaya a inda za a canja kusurwar kyamara, don ko an samu ɗan bambanci gobe ba zai fito ba. Zare wayar a hankali ka bar mazauninta a manne, ka rubuta lambobin saitin a takarda, ka kife babban kwali a kan fagen. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, ƙura na sauka ko a Legas, kuma a kan baƙin bulo tana fitowa ƙuru-ƙuru, don haka da safe ka bi shi da busasshen buroshin fenti mai laushi kafin ka ci gaba.

Yanzu muna kan fagen kasuwar Mile 12, motar albasa daga Arewa ana sauke ta. Mun gama motar da rumfuna biyu, na ɗinka 'yan buhuna takwas da ragowar yadin algarara, kowanne bai fi kan babban yatsa ba. Abin da ya rage ƙananan bulo ne masu zagaye, ja ko ruwan hoda, da za su zama albasar da ke zubewa in buhu ya fashe. Muna da 23, yaron ya ce sai mun kai 60 kafin zubewar ta yi kyau, don haka ranar Asabar da sassafe za mu koma Katangowa.